Nono: Abinci Ne, Amma A Kula

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, yawancinmu da mun ji an ambaci ƙwayoyin bakteriya sai cuta ta faɗo mana a rai. To, ba dukansu ne miyagu ba. Nonon da muke dama fura da shi a Gyaɗi-Gyaɗi da kasuwar Tarauni, su ne suke yinsa. Akwai wani iri da masana ke kira Laktobasilas, wanda yake cinye sukarin madara ya mai da shi tsami. Tsamin nan yana hana miyagun ƙwayoyi da yawa yaɗuwa, cinye sukarin kuma shi ya sa wanda ɗanyar madara ke ɓata wa ciki yakan sha kindirmo ya zauna lafiya. Tun a 1907 wani masani ɗan Rasha, Metchnikoff, ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan nono mai tsami.

Amma fa tsami ba ya kashe kowace cuta. Saniya mai tarin fuka ko bakkale tana iya sa wa mutum cutar ta madarar da ba a dafa ba. Wasu masu talla kuma sukan ƙara ruwa don nono ya yi auki, in ruwan ba mai tsabta ba ne, ga taifot, ga kwalara. Hatta ƙwayoyin kirkin da ake sayarwa a kantin magani suna da nasu haɗari ga mai raunin jiki. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi likitoci bayan wani jariri bakwaini ya rasu, ƙwayoyin da aka ba shi sun shiga jininsa.

A ganina, barin nono ba shi ne magani ba, domin abinci ne mai gina jiki, kuma sana'ar Fulaninmu ce. Abin yi shi ne a tafasa madara, ta huce, sannan a zuba mata tsohon nono ta kwana, kamar yadda ake yin kindirmo. A wanke ƙwarya da ludayi, a rufe saboda ƙuda. Jariri da majinyaci kuwa, kada a ba su irin na kanti sai da izinin likita, ga Asibitin Malam Aminu Kano nan kusa da mu. Rigakafi dai ya fi magani.