Ƙaramar mitar nan mai ruwan ɗorawa ta gyaran waya ce, kada ka kai ta wajen sola

Sana'o'i biyu ne ke jan matasa a 'yan shekarun nan: gyaran wayar salula da haɗa sola. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne ke yin duka biyun, da safe yana shago yana canza bakin caji, da yamma yana kan rufin wani yana jera fanel. Kuma na'urar awo ɗaya yake ɗauka, wato ƙaramar multimita mai ruwan ɗorawa da aka fi sani da lambar DT830, wadda za ka samu a kusan kowane shagon kayan gyara, daga Farm Centre a Kano har ƙananan kasuwanni. A ganina wannan mita ta isa aikin farko, amma kai ta aiki na biyu ganganci ne da rai.

A kan allon waya ba wata wuta mai ƙarfi. Batirin waya yana tsakanin bolt 3.7 zuwa 4.4, caja ta gama-gari tana ba da 5, mai saurin caji tana hawa 9 ko 12, wasu har 20. Idan ka yi kuskure a nan, asarar ba ta wuce ƙona wani ɗan ƙaramin abu a kan allo. Don haka mai koyon gyaran waya zai iya farawa da mita mai araha. Abin da zai duba kawai shi ne tana da wajen gwada diyod, kuma tana yin ƙara nan take idan ya haɗa bakin igiyoyin biyu. DT830B ba ta da wannan ƙarar, DT830D ce ke da ita, kuma wanda ya taɓa neman shot a kan allo ya san wahalar kallon gilashin mita da kallon allo a lokaci guda.

Matsalar tana cikin ramin nan da aka rubuta wa 10A. Idan kana auna bolt, mita tana tare hanya, kusan babu wutar da ke ratsa ta. Amma idan ka mayar da jar igiya ramin 10A don auna ampiya, mitar ta zama kamar guntun waya da ke haɗa baki biyu kai tsaye. Yanzu ka ɗauka ka gama wannan awon, an kira ka a waya, ka dawo ka murɗa mita zuwa bolt, ka manta igiyar tana ramin 10A, sannan ka ɗora ta a kan batirin sola mai 200Ah. Ka haɗa fas da negatif ke nan da hannunka. Batir irin wannan yana iya turo ɗaruruwan ampiya cikin ƙiftawar ido. Wannan mantuwar ba ta ɗan koyo kaɗai ba ce, tsofaffin hannu ma suna yin ta, shi ya sa kamfanonin kirki suke ƙera mita da sanin cewa wata rana za a yi ta.

Abin da ke tsaye tsakaninka da wutar a wannan lokacin shi ne fis. Yawancin mitocin DT830 ba su da fis a ramin 10A ko kaɗan, wasu ma sun rubuta UNFUSED ƙarara a gefen ramin. Wasu mitocin kuma suna da fis na gilashi, irin wanda ke cikin tsohuwar rediyo, wanda ƙarfin wutar da zai iya katsewa lami lafiya kaɗan ne. Idan wutar ta fi haka, zaren ciki zai narke amma tartsatsi ya ci gaba da tsallakawa, gilashin ya fashe. Mita mai kyau tana da fis na tangaran, fari mai kauri, cike da yashi da ke shanye tartsatsin, wanda aka gwada shi a kan dubban ampiya. Idan har za ka tambayi mai shago abu ɗaya, ka ce ya buɗe maka bayan mitar ka ga fis ɗin.

Wutar sola tana da wani ƙarin sharri. Wutar NEPA tana juya alkibla, tana ratsa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, wannan yana taimaka wa tartsatsi ya mutu da kansa. Wutar fanel da ta batir, wato DC, ba ta yin haka, idan ta kama sai ta ci gaba da ci. Fanel ɗaya mai wat 550 yana ba da kusan bolt 50 idan ba a ɗora masa komai ba. Jera takwas a layi ɗaya, kana riƙe da kusan bolt 400 a kan rufin kwano, da gumi a tafin hannu.

Sai rubutun CAT da ke kusa da ramukan. Wannan ya fito ne daga ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 61010, kuma yana faɗin inda aka yarda a yi aiki da mitar. CAT II na kayan da ake jonawa a soket ne, CAT III na akwatin raba wuta da wayarin na cikin gini, CAT IV kuma na inda wuta ke shigowa daga fal. Bambancinsu shi ne irin bugun wutar ba-zata da za su iya jurewa, kamar wanda tsawa ko dawowar wuta ke haifarwa. Mita mai CAT III 600V ana gwada ta da bugun bolt 6,000, mai CAT II 600V kuwa da 4,000. Duk wanda zai taɓa akwatin wutar gida ko inbata ya nemi CAT III 600V aƙalla, kuma igiyoyin ma su kasance da wannan rubutun.

Na san za a ce ai rubutu ne, kowa zai iya buga shi a jikin roba. Gaskiya ne, kuma ana bugawa. Alamar CE ma kamfani ne da kansa ke sa wa kayansa. Waɗanda ke nuna cewa wani na daban ya gwada mitar su ne irin su UL, ETL, CSA da TÜV. Bayan haka sai hankali: mitar da aka rubuta wa CAT III 1000V amma nauyinta bai fi na rimot ba, kuma cikinta fis na gilashi ne, ta riga ta faɗa maka gaskiyarta.

Za a kuma ce kuɗi. Ba na cewa ɗan koyo ya sayi Fluke, duk da ita ce wadda ake kwatance da ita. Tsakaninta da DT830 akwai fili mai faɗi: UNI-T ta China tana da samfura daga na wasa har na aiki sosai, akwai Brymen ta Taiwan, akwai Sanwa da Hioki na Japan. Araha ba ta ado, kuma mutumin da ke canza waya duk shekara bai kamata ya ce mitar da zai yi shekaru yana cin abinci da ita ta yi tsada ba. Mai aikin sola ma gara ya sayi mita mai matsewa, wadda ake maƙala bakinta a jikin waya ta karanta ampiya ba tare da an kwance komai ba, ka ga batun ramin 10A ya kau gaba ɗaya. Sai dai a kula, da yawa daga masu arahar ampiyar AC kaɗai suke karantawa. A nemi mai karanta DC, irin su UT210E da ke kaiwa ampiya 100.

Akwai kuma rubutun True RMS. Mitar da ba ta da shi tana ɗauka cewa duk wutar AC sumul take kamar ta NEPA. Ɗora ta a kan ƙaramar inbata mai araha da wutarta ke fita a kakkarye, sai ta nuna maka ƙasa da bolt 200 alhali inbatar tana ba da 230 daidai. Daga nan sai a kama kwance na'urar da lafiyarta ƙalau.

Kula da mita ba shi da yawa. Idan alamar batir ta bayyana, canza shi a ranar, domin mitoci masu araha suna ƙara lamba idan batirinsu ya yi sanyi, sai mataccen batirin sola ya yi kama da cikakke. Kada ka bar ta a akwatin babur cikin rana, kuma lokacin hunturu ka riƙa sa ta a jaka don ƙura na shiga maɓallin murɗawa. Lokaci-lokaci ka haɗa bakin igiyoyin a wajen auna om kana lanƙwasa su, idan lambar tana tsalle to wayar ta fara tsinkewa a ciki. Da zarar ka gama auna ampiya, mayar da jar igiya ramin bolt kafin ka ajiye mitar. Kafin ka yarda cewa babu wuta a waya, gwada mitar a inda ka san akwai wuta, ka auna wayar, ka sake komawa ka gwada.

Idan fis ya ƙone kuwa, ka nemi mai irin lambarsa na bolt da ampiya, ko da zai ɗauke ka mako guda. Abin da aka saba yi a shaguna, a naɗa siririyar waya ko takardar sigari a madadinsa, yana mayar da mita mai tsada daidai da DT830 marar fis, sai dai ita wannan har yanzu tana ɗauke da rubutun CAT III a goshinta, kuma yaron shagon da zai ɗauke ta gobe bai san an yi ba.