Hawan Sama Ba Igiya

Iyaye, a wannan wata maganarmu a kan hawan sama ce. A shekarar 2011 wani Bafaranshe, Alain Robert, ya hau benen Burj Khalifa na Dubai ta bangon waje, mita 828. Samarinmu suna kallon irin wannan a waya suna sha'awa. Abin da ba su lura ba, gwanin nan ma da igiya a ƙugu ya hau.

A Isa da Sabon Birni ba mu da bene irin wannan, amma muna da kuka da dogayen ƙarafan waya. Mai gyaran ƙarfen yakan sha ɗamara, ya maƙala ƙugiya kafin ya ɗaga ƙafa. Yaronmu fa? Mu da kanmu muke aikensa ya ciro ganyen miya, ya bi tsofaffin turakun da damina ta ruɓar. Itacen kuka kuwa taushi gare shi, reshe mai kauri yakan ɓalle farat ɗaya. Asibitin ƙashi na Dala yana can Kano, ga kuma halin da hanya take ciki.

Babba ya fara gwada turakun. In ba haka ba, a ɗaura lauje a bakin gora, a yanko daga ƙasa.