Raddi ga Masu Ɗora wa Hula Laifin Sanƙo

A majalisun hira na Mbamba da rumfunan wanzamai na Yola da Jimeta, akwai maganar da ta zauna wa mutane daram, cewa hula da rawani ne ke cinye gashin maza, kuma shi ya sa sanƙo ya fi kama su a kan mata. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta jure bincike, kuma illarta ita ce tana kawar da hankalin mai neman magani daga ainihin sababin.

Hujjarsu ta farko ita ce hula tana toshe iska, gashi ya shaƙe, musamman a bazarar Yola da zafi kan haura digiri 40. Amsa ita ce saiwar gashi a cikin fata take, kuma jini ne ke kai mata abinci da iskar da take bukata. Da rufe kai na haddasa sanƙo, da matan da ke ɗaura ɗankwali su ɗora hijabi tun safe har dare sun riga kowa yinsa. Ya ishi mai shakka ya dubi dattijo idan ya cire zanna zai shafi kai a wurin alwala: tsakar kan, inda hula ba ta matsa ba, ta yi fayau tana sheƙi, alhali ƙeya da saman kunnuwa, inda bakin hular ke kamawa har ya bar shaida, gashinsu na nan.

Sun kuma ce yawan aski ne. Amma aska abin da ya fito waje kawai take yankewa. Cikin abubuwan da askar da ba a tsabtace ba ke iya yaɗawa akwai ƙora, cutar fatar kai da ta fi kama yara, kuma tana jin magani.

Ainihin sababin gado ne da sinadarin testosteron, wanda ya ninka sau da yawa a jinin namiji a kan na mace. Jiki na juya wani kasonsa zuwa sinadari mafi ƙarfi da ake kira DHT, wanda ke tsuke saiwar gashin goshi da tsakar kai ga wanda ya gaji raunin, har gashin ya riƙa fitowa siriri kuma gajere, daga bisani ya daina. Tun zamanin Girkawa, Aristotal ya lura cewa baba, wato namijin da aka dandaƙe, ba ya sanƙo. A 1942 James Hamilton, masanin ƙirar jiki a Amurka, ya nuna cewa waɗanda aka dandaƙe kafin balaga ba sa yinsa, amma da aka ba su testosteron sai gashi ya fara zuba ga waɗanda sanƙo ke cikin danginsu. Saiwar gashin ƙeya ba ta jin wannan sinadari, shi ya sa idan likita ya dasa ta a goshi take ci gaba da tsiro, da hula ko babu. Gadon kuwa daga uwa da uba yake zuwa, kodayake ɗaya daga manyan ƙwayoyinsa ta wajen uwa ɗa namiji ke samunta.

Saura da'awarsu cewa mata sun tsira kwata-kwata, wadda ita ma kuskure ce. Gashin mace na raguwa, musamman bayan ɗaukewar al'ada, sai dai yakan yi sharara ne a tsagar kai, ba ya barin fili. Wurin da abin da ake yi wa kai ke zubar da gashi da gaske shi ne kitso mai tsauri, wanda ke fizgar gashin goshi shekara da shekaru. Idan aka sassauta da wuri yakan dawo, idan kuwa saiwar ta riga ta yi tabo, ba ya sake fitowa.