Ruwan Azurfa da Ma'aunin Lantarki: Ganin Kitse Ake Yi wa Rogo

A cikin shekarun 1990 wata al'ada ta bazu a ƙasar Amurka, daga bisani intanet ta yayata ta zuwa sauran sassan duniya. Mutum yakan tsoma sandunan azurfa biyu cikin ruwa, ya jona su da batir, ya sha ruwan da sunan maganin cututtuka. Masu yin haka sukan sayi wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami, wadda ke auna yadda lantarki ke ratsa ruwa. Da zarar ta nuna musu lamba 10, sai hankalinsu ya kwanta, su ce sun auna maganinsu bisa ƙa'idar kimiyya. A ra'ayina wannan na'ura tana ƙara musu haɗari ne, domin tana ba su natsuwar da ba ta da tushe.

Bari mu fara da aikin na'urar. A bakinta akwai ƙarafa biyu. Takan tura ɗan lantarki daga wannan zuwa wancan, ta auna sauƙin wucewarsa, da ma'aunin da ake kira maikirosimens. Abin da ke ɗaukar lantarki a cikin ruwa shi ne ƙwayoyin zarra masu caji, waɗanda masana ke kira ayon. Tataccen ruwa ba ya da su sosai, saboda haka lambarsa takan tsaya kusa da sifili, alhali ruwan rijiya ko na famfo yakan kai ɗaruruwa. To amma na'urar ba ta bambanta ayon na azurfa da na gishiri ko na kanwa. Duk abin da ya ɗauki lantarki, ƙirga shi take yi.

Wannan ita ce matsala ta farko. Ta biyu kuwa, azurfar da ke cikin irin wannan ruwa iri biyu ce. Akwai wadda ta narke ta zama ayon, akwai kuma ƙananan ɓarɓashi da ke yawo a ciki ba su narke ba. Na'urar tana jin ta farko, amma kusan makauniya ce ga ta biyu. Ta uku, yawancin na'urorin da ke nuna "kashi cikin miliyan" lissafi kawai suke yi: sukan ninka abin da suka auna da 0.5 ko 0.7, bisa zaton cewa gishiri ne a cikin ruwan. Bugu da ƙari, zafi na sauya sakamako da kimanin kashi 2 cikin 100 a kowane digiri, in dai na'urar ba mai gyara wannan ba ce. Sanin ainihin yawan azurfa sai a ɗakin gwaje-gwaje, da manyan na'urori masu tantance kowane sinadari shi kaɗai.

Yanzu mu ɗauka cewa na'urar ta faɗi gaskiya, ruwan yana da kashi 10 cikin miliyan. Ma'anar wannan ita ce miligiram 10 na azurfa a kowace lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci miligiram 0.1 a lita a matsayin abin da jiki zai iya jurewa a ruwan sha. Ashe ke nan lambar da ke kwantar wa mai haɗin gida hankali ta ninka wannan sau 100.

Jikin ɗan'adam yana buƙatar sinadarin ƙarfe domin jini, yana buƙatar aidin domin hana maƙoƙo, amma babu wani aiki da aka san azurfa tana yi masa. Wadda ya kasa fitarwa takan taru a fata da dasashi da farce da farin ido. Idan hasken rana ya bugi fatar, sai azurfar ta yi duhu, kamar yadda take yi a fim ɗin hoto na da. Sunan wannan larura arjiriya, kuma launin toka ko shuɗi da take bari ba ya gushewa don an daina sha. Stan Jones, wani ɗan siyasa a jihar Montana, ya fara shan haɗin gida a 1999 don tsoron ƙarancin magunguna a shigowar shekara ta 2000, fatarsa kuwa ta rine. Haka ya faru ga Paul Karason, wanda ya bayyana a talabijin a 2008 fuskarsa shuɗiya. Har ila yau, azurfa na iya rage shigar wasu magunguna cikin jini, kamar tetarasaikilin da tairoksin.

Wani zai ce, ai likitoci ma suna amfani da azurfa. Gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. Tun wajen 1881 likita Carl Credé na birnin Laifzig a Jamus ya riƙa ɗiga ruwan wani sinadarin azurfa a idon jarirai don kare su daga makanta, kuma har yau ana shafa man da ke ɗauke da azurfa a ƙuna. Sai dai duk wannan a bayan jiki ne, da adadi sananne, ƙarƙashin kulawar masana. Kashe ƙwayoyin cuta a kan miki daban, warkar da cutar da ke cikin jini daban. Shi ya sa a 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yanke cewa ba a tabbatar da amfani ko amincin irin waɗannan haɗe-haɗe ba. A Nijeriya ma, lokacin annobar Ibola ta 2014, an yi ta maganar wani haɗi mai suna Nano Silver, amma hukumomin lafiya suka janye daga gwada shi a kan marasa lafiya, saboda bai cika sharuɗɗan bincike ba.

Ba ina cewa na'urar ba ta da amfani ba. Manoman rani na auna gishirin ruwan ban-ruwa da ita, masu kiwon kifi ma haka. Shawarata ga malaman kimiyya ita ce su kai ta aji. A zuba tataccen ruwa a kofi biyu, a sa ɗan gishiri a ɗaya, a sa cokali uku na sukari a ɗayan. Lambar kofin gishiri za ta yi tsalle, ta kofin sukari kuwa da ƙyar za ta motsa, ko da yake ruwan ya yi zaƙi rau. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa zai koyi tambayar da ta dace a yi wa kowane ma'auni: me yake aunawa, me kuma yake tsallakewa?

Daga ƙarshe, ina kira ga ɗalibai da su isar da wannan saƙo gida. Wanda ba shi da lafiya ya nufi asibiti, kada ya mai da cikinsa ɗakin gwaji. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba.