Wa Zai Yi wa Manoman Kalgo da Gwandu Lissafin Inshora?

A daminar 2020 ambaliya ta cinye dubban kadada na shinkafa a Jihar Kebbi. Da yawa daga manoman da abin ya shafa da rance suka yi noman, musamman tun bayan da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015. Ruwa ya tafi da amfani, bashi kuwa yana nan daram. Don irin wannan rana aka fito da shirin inshorar noma na ƙasa a 1987, aka kuma yi wa hukumar NAIC doka a 1993, bisa tsarin cewa gwamnati ta ɗauke wa manomi rabin kuɗin da zai zuba.

To, amma wa ke yanke wannan kuɗi, kuma da wane ma'auni? Aikin masanin tattalin arzikin noma ke nan. Shi ne zai bi tarihin gonaki ya ƙididdige sau nawa ake asara cikin shekara ashirin, da yawanta, kafin a ce ga abin da manomi zai biya. Idan babu alkaluma sai kintace, kintace kuwa ko ya cuci manomi ko ya karya kamfani.

Dubi Gwandu da Kalgo. Mai gero da dawa a tudun Gwandu fari ne abin tsoronsa. Mai shinkafa a fadamar Kalgo kuwa gulbi yake tsoro. A Kenya da Indiya an gwada inshorar da ke biya bisa abin da ma'aunin ruwan sama ya nuna, ba sai an aiko jami'i ya zagaya gona ba. Dabarar tana rage tsada, sai dai kowane manomi ya san akan sheƙa ruwa a wannan ƙauye, maƙwabcinsa ko ɗigo. A fadama matsalar ta fi haka: ruwan da ke nutsar da shinkafa yakan taso daga nesa, ta kogunan da aka datse a Goronyo da Bakolori, alhali ma'aunin da ke Kalgo bai ga komai ba. Wanda bai san ƙasar ba, ba zai lura da wannan ba.

Irin binciken da ake bukata ba baƙo ba ne a Arewa. Tun a shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa na Samaru suka bibiyi gidajen manoma a ƙauyukan Zariya, suka nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ba duhun kai ba ne, dabarar rage asara ce. Wato manomi ya daɗe da tasa inshorar.

Saboda haka kuskure ne malamai su riƙa nuna wa ɗalibi mai ƙoƙarin lissafi likitanci da injiniyanci kaɗai. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a Kalgo ta fara zama, ga kuma jami'ar jiha a Aliero. Hanyar dai doguwa ce, digiri uku ne da yawon ƙauyuka da damina. Ga kuma tambayar da ɗan gida ya fi cancantar ɗauka: manoma da dama na ƙyamar inshora saboda shakkar halaccinta, kuma tsarin takaful na jiran wanda zai auna ko zai iya ɗaukar asarar da ke faɗa wa gari guda a dare ɗaya.