Murar Tsuntsaye: Darasin da Madarunfa ta Koya

A watan Fabrairu na shekarar 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a jihar Kaduna ta Najeriya. Kafin watan ya ƙare, cutar ta bayyana a Magarya, cikin ƙasar Nijar. Bayan 'yan watanni ta iso wani ƙauye a gundumar Madarunfa. Ta sake ɓulla a jihar Maraɗi a shekarar 2015.

Me ya sa yankin nan ke cikin haɗari? Dalilai biyu ne. Na farko, tsuntsayen ruwa masu ƙaura suna sauka a tafkin Madarunfa, kuma wasunsu kan ɗauko ƙwayar cutar. Na biyu, fataucin kaji da zabi tsakanin kasuwannin Jibiya, Ɗan Isa da Maraɗi ba ya tsayawa.

Amma babban haɗarin yana cikin gida. Kaza ita ce asusun mace a karkara. Idan kaji suka fara mutuwa, tsoron asara kan sa a yanka su a ci, ko a kai su kasuwa da araha. Ta haka cutar ke shiga wasu garuruwa, har takan kama mai yanka da mai fiɗa.

Saboda haka, idan kajinku na mutuwa da yawa a lokaci guda, ku sanar da ma'aikacin kiwo nan take. Kada yara su taɓa mushen tsuntsu. A binne shi cikin rami mai zurfi, a wanke hannu da sabulu. Asarar kaji goma ta fi sauƙi a kan asarar rai ɗaya.