Tallafin Noma Ya Iske Manomi Kafin Dashe

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon arzikin ɗan fili a wannan jarida mai farin jini, domin in bayyana wata mas'ala wadda ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu manoman Jega da Aliero da Maiyama, watau sha'anin tallafin da hukuma take fitarwa daga Baitulmali da sunan talaka mai fartanya.

Butulci ne mu ce ba a yi mana kome ba. Mun ga zamanin da aka soma aiko wa manomi saƙo ta wayar hannu, a shekarar 2012, ya je ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi. Mun kuma shaida ranar 17 ga Nuwamba, 2015, sa'ad da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin rance na Babban Bankin Nijeriya, wanda ya raya noman shinkafa a fadamunmu har ta kai ana cin shinkafar Kebbi a Legas. Amma fa alheri, kome yawansa, idan ya saɓa wa lokacinsa, ko kuwa ya faɗa hannun wanda bai cancance shi ba, to, fa'idarsa takan tafi, ya bar mutane da guna-guni.

Alal misali, albasa, wadda da ita aka san Aliero har ƙasashen maƙwabta, ba ta jiran sa hannun ma'aikaci: iri akan yafa shi da ƙarshen damina, dashe kuwa da shigowar sanyi. Wata shekara na rubuta sunana domin samun takin tallafi, na yi ta safa da marwa har takalmina ya tsinke, ganyen albasata yana ɗashewa ina kallo, sai da na sayar da tunkiyar uwargidana na sayi taki a kasuwar Jega. Rabona bai fito ba sai da albasar ta riga ta shiga rudu. Wannan ai ihu ne bayan hari. Abin da ya fi ciwo, a layin karɓar takin na ga masu tafin hannu sumul, waɗanda ba su san inda kunya take a gona ba, sun karɓa, kafin la'asar buhunan suna rumfar 'yan kasuwa.

Saboda haka ina kira ga Gwamna Nasir Idris da majalisun ƙananan hukumominmu uku, da su mayar da tantance manoma hannun hakimai da dagatai da sarakunan noma, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A karanta sunayen a bainar jama'a, a raba taki kafin dashe, a kuma dubi tsadar man injin ban-ruwa, wadda tun janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ta sa da yawa daga cikinmu rage faɗin gonarsu. Malaman Gwandu sun karantar da mu cewa dukiyar jama'a amana ce a wuyan shugaba, kuma za a tambaye shi a kanta ranar hisabi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauke ta, Ya sa albarka a guminmu, amin.

Wassalam. Naka,
Wani manomin albasa,
Aliero, Jihar Kebbi.